Tirelar Kwana Ko Mota Mai Ɗaki: Amsar Da Na Samo A Hanyar Sabuwa

A shekarun da na yi a Ingila ina karatun digiri na uku, Allah Ya haɗa ni maƙwabtaka da wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda da zarar sanyi ya fara ja da baya ba shi da wani zance sai na yawon hutu. A ƙofar gidansa akwai wani farin akwati mai taya biyu, girmansa ya kai na ƙaramin shago, a cikinsa akwai gado da murhun gas da wurin wanka da makewayi. Idan hutu ya zo sai ya ɗaura shi a bayan motarsa, shi da mai ɗakinsa su nufi bakin teku ko tsaunukan arewacin ƙasar, su yi mako biyu ko uku. A shekarata ta ƙarshe gardama ta shiga tsakaninsu. Tsufa ya kama shi, yin baya da mota tana jan akwatin ya fara gagararsa, ita kuwa uwargidan ta dage a sayar a sayo irin babbar motar nan da aka gina ɗakin kwana a jikinta. Wata rana da yamma ya tare ni a bakin shinge ya ce, “Kai a ƙasarku, wanne za ka zaɓa?” Na yi dariya, na ce ya bari sai na koma gida na duba hanya.

Shekaru sun shuɗe ban sake tuna wannan tambaya ba, sai a kakar da ta gabata, lokacin da wani bincike kan kasuwannin hatsi ya kai ni Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina. A can na samo amsar, kuma ta zo mini ta inda ban zata ba.

Kafin mu kama hanya, ya kamata mai karatu ya san abin da ake zaɓe a tsakani. Na farkon, bari mu kira shi tirelar kwana, ɗaki ne mai taya wanda ba shi da inji, sai mota ta ja shi. Amfaninsa shi ne sauƙin kuɗi da sauƙin kulawa, sannan idan an isa masauki sai a kwance shi a ajiye, a shiga gari da ƙaramar mota a yi cefane ko a je kallon wurare, a dawo a tarar da shimfiɗa yadda aka bar ta. Aibinsa kuwa nauyi da tsawo: juyawa da shi aiki ne, yin baya da shi sai wanda ya ƙware, kuma dokar Ingila ba ta yarda mai jan tirela ya wuce gudun kusan kilomita 96 a awa a kan manyan tituna ba, ko kilomita 80 a kan titin da ba a raba shi biyu ba. Na biyun, mota mai ɗaki, injinta da gadonta a jiki ɗaya suke. Inda dare ya same ka nan ne gida, kuma daga kan gado za ka iya tsallakawa kujerar direba ba tare da ka taka ƙasa ba. Sai dai tana da tsada, tana shan mai, tana bukatar takardu da inshora nata na kanta, kuma ko burodi za ka saya a gari sai ka tattara kwanuka ka ɗaure komai ka tafi da gidan gaba ɗaya. Turawa sun daɗe suna wannan muhawara. Tun a 1885 wani likita mai suna William Gordon Stables ya fita yawon shaƙatawa a ɗakin katako da dawaki ke ja, an kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a 1907, kuma sai a 2017 ta ƙara sunan mota mai ɗaki a cikin sunanta, alamar cewa ɓangare na biyu ya yi ƙarfi.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, kalmar da suke kiran tirelar da ita, wato karaban, daga Farisanci ta samo asali, kuma ainihin ma'anarta ayari. Mu kuwa ayari ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu fatake sun yi ta zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja suna kai kanwa da tufafi da fatu suna sayo goro, ƙarƙashin madugu, ga jagaba a gaba, ga uban dawaki, tafiyar watanni. Bature ɗan yawon nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, tare da ayarin gishirin Abzinawa ya iso Katsina a farkon 1851, domin shi ma ya san tafiya kai kaɗai a wancan zamani sayar da rai ce. Amma akwai wani abu da ya kamata a lura da shi: falke bai taɓa ɗaukar ɗakinsa a kai ba. Kaya yake ɗauka. Wurin kwana kuwa yana jiransa a gaba, ko dai zango a bayan gari, ko zauren fatoma a cikin gari, wanda zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye. Bature ya gina ɗaki a kan taya don kada ya bukaci kowa a hanya. Bahaushe ya gina zaure a ƙofar gida don matafiyi ya bukace shi.

Da wannan tunani na tashi daga Funtuwa ranar farko, a cikin tsohuwar motata, tare da wani ɗalibina ɗan asalin yankin. Tun kafin mu tashi ya karanta mini dokokin hanya kamar mai biya hadda: ba a fita da sassafe, sai rana ta ɗaga motocin haya sun fara kai da komo, ba a bari la'asar sakaliya ta same mu a waje, ba a sa babbar riga, idan muka ga titi ya yi tsit babu motar da ke tahowa daga gaba, mu tsaya mu tambaya. Muka bi ta Bakori, muka ratse a Marabar Ƙanƙara.

Duk wanda bai taɓa ganin ƙasar nan da kaka ba, da wuya ya gane abin da ake hasara. Dawa ta sunkuya da nauyin zangarniya, masara an karye an tara, waken suya ya bushe yana jiran sussuka, ga itatuwan ɗorawa da kaɗanya tsaye a tsakiyar gonaki. Can yamma duwatsu ne suka jeru, su ne na Pauwa, waɗanda sarautar hakimin Ƙanƙara, Sarkin Pauwan Katsina, ke ɗauke da sunansu. Ƙarƙashin wannan ƙasa akwai farar ƙasa mai yawa, irin wadda ake yin tangaram da fenti da alli da ita. A wata ƙasar da tuni an share fili a gindin duwatsun, an ja ruwa da wuta, masu tireloli sun jeru suna shan iska. A nan kuwa, sunan Ƙanƙara ya zaga duniya ne ta dalilin daren Juma'a, 11 ga Disambar 2020, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati suka kora ɗalibai cikin daji da ƙafa, har sai ranar 17 ga wata aka sako yara 344.

A kan wannan hanya na fara gwada tirelar maƙwabcina a zuci. Titin siriri ne, gefensa ya zaizaye, ga ramuka. A wani wuri wani mai babur da ke tahowa ya ɗaga mana hannu, ɗalibina ya ce in dakata. Ashe ba komai ba ne, wata motar hatsi ce ta lalace a gaba. Amma a cikin wannan ɗan lokaci na riga na auna faɗin titin da ido, na ga cewa da juyi biyu zan iya komawa inda na fito. Da a ce ina jan ɗaki mai tsawon mita shida ko bakwai a baya, da babu zancen juyawa, sai dai in fita in ruga in bar shi. Nan take tirela ta faɗi jarrabawar farko. Hanyar da direba ke tuƙi yana lissafin inda zai juya ba hanyar jan ɗaki ba ce.

Da muka gama da 'yan kasuwar da muka je gani, sai na ce mu yanke ta hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, tunda ita ce gajeriya zuwa ƙasar Faskari. Duk wanda ke wurin ya girgiza kai. Wannan hanya ce gwamnatin jiha ta rufe wa motocin haya a ƙarshen Agustan 2021, a cikin dokar da ta hana sayar da man fetur a jarka, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Satumba na wannan shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, waɗannan ukun na ciki. An daɗe da sassauta dokar, amma tsoron bai bi ta ya tafi ba. Wani dattijo ya ce mini, “Malam, hanyar lafiya a bi ta da shekara.” Muka koma Funtuwa muka kwana.

Kashegari muka hau babban titin Funtuwa zuwa Gusau. Wannan tsohuwar hanyar arziki ce. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, domin kwasar auduga da gyaɗa, kuma tun zamanin Turawa aka san Daudawa da gonar irin auduga. Muka wuce Mairuwa, inda madatsar ruwa ke sheƙi a cikin hantsi, masunta na ta harkarsu. Wuri ne da mutum zai so ya ajiye mota a inuwa ya kwana biyu yana cin kifi yana karatu. Muka isa Sheme, muka zarce 'Yankara, kusa da iyakar Zamfara, inda in ka ci gaba za ka wuce Tsafe ka hango dutsen Kwatarkwashi.

A nan na ga ayari ya dawo da rai. A bakin wani shingen jami'an tsaro motoci sun tsaya, ba wanda ya tsayar da su, direbobi ne ke jiran a taru a tafi tare. Wani direban haya da ya san hanya ya shige gaba, shi ne jagaba ko da bai san sunan ba, sauran muka bi shi a jere, kowa na kallon fitilar na gabansa. Sai na tambayi kaina, ina matsayin mota mai ɗaki a cikin wannan jeri? Gaskiya ta fi tirela: tana iya juyawa, tana iya gudu daidai da sauran, kuma mai ita ba ya bukatar fitowa waje kafin ya tashe ta. Amma farar mota doguwa mai tagogi da labule, a hanyar da kowa ke ƙoƙarin kada a gane shi, tamkar mutum ne ya rataya wa kansa allo a wuya an rubuta kuɗin fansarsa. Ga tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Ga kuma batun gyara: bakaniken Sheme zai kwance injin Golf ko Sharon ya mayar ido rufe, amma famfon ruwan wanka da na'urar sanyaya abinci na motar da aka ƙera don titunan Turai, ko a Kano sai an sha yawo kafin a sami kayansu.

A hanyar dawowa ne na ga abin da ya sa na daina wasa da tambayar. Wata a-kori-kura ce a gabanmu, an yi mata lodi har ta karkace. Ga katifu biyu, ga tukwane, ga turmi da taɓarya, ga buhunan masara, ga ƙyauren ɗaki na kwano an ɗaure a gefe, ga mata da yara a zaune a saman kayan, wata tsohuwa na rungume da akuya. Ɗalibina ya ce, “Malam, ga motar da kake ba ni labari.” Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Wannan ita ce mota mai ɗaki ta ƙasarmu a yau: gida ne sukutum a kan taya, amma masu shi ba hutu za su ba, ƙauyensu suka baro. Wanda ya cire ƙyauren ɗakinsa ya tafi da shi bai sa ranar dawowa ba.

Da muka sake kwana a Funtuwa sai na lura da wani abu kuma. Tsarin da nake bi, wato ajiye jaka a wuri ɗaya, a fita da rana a dawo kafin magariba, shi ne ainihin tsarin mai tirela. Kuma ba ni kaɗai ke bin sa ba. Na haɗu da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da manyan manoma da suka kwaso iyalansu suka ajiye a Funtuwa, suna shiga garuruwansu da hantsi suna fitowa da la'asar. Abin da Bature ke yi don nishaɗi na mako biyu, mutanenmu suna yin sa dole shekara da shekaru, suna biyan haya a wani gari alhali gidajensu na gado na rufe.

Rana ta uku muka bi ta Ɗandume, garin babbar kasuwar hatsi, muka nufi Sabuwa. Nan ƙasar ta fi duhun itatuwa, ruwan sama ya fi yawa, ga fadamu da rake da shinkafa. Sabuwa na iyaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, inda gandun dajin Kamuku yake, wanda aka mayar wurin shaƙatawa na ƙasa a 1999. Wato a taswira, wannan ita ce ƙofar yawon buɗe ido. A zahiri kuwa Sabuwa na cikin ƙananan hukumomi takwas da ake kira na bakin daga, tare da Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Ɗandume. Ko ayarin ma bai tsira a nan ba: a farkon Fabrairun 2024, a yankin Damari, an tare motar 'yan rakiyar amarya aka kwashe mata masu yawa zuwa daji. Taron da ke ba matafiyi kariya a wani wuri, a wani wurin shi ne abin da ɓarayi ke nema.

A Sabuwa akwai wani tsohon aminin mahaifina, wanda rabona da shi tun ina sakandare. Na yi niyyar gaishe shi in juya, amma da ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗan nan, yau shekara nawa baƙo bai kwana a zauren nan ba,” sai na kasa. Na sallami tsoro na ce zan kwana. Aka share zaure, aka shimfiɗa tabarma da darduma, aka kawo tuwon masara da miyar kuka da man shanu. Bayan sallar isha'i gari ya yi shiru irin wanda ban saba ji ba a ƙasar Hausa: babu dandali, babu hirar samari a teburin mai shayi, sai usur na 'yan sintiri jefi-jefi. Duk babur ɗin da ya wuce sai na ji zancenmu ya tsaya da kansa har ƙararsa ta ɓace.

A cikin wannan hira na ba shi labarin maƙwabcina da akwatinsa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “To shi in ya je garin mutane, wa yake gaisarwa?” Na ce, “Baba, ba lallai ya gaida kowa ba, kuɗin fili kawai zai biya.” Ya jinjina kai ya ce, “Wanda ya zo da ɗakinsa da tukunyarsa ai ya gaya wa mutanen gari ba ya bukatarsu. In wani abu ya taso da dare, wa zai buga masa ƙofa ya ce tashi?” Daga nan ya lissafa mini waɗanda suka saba kwana a zauren a da: masu sayen auduga, dillalan hatsi daga Kano, almajirai masu tafiya ci-rani, malaman gona, har da wani Bayerabe mai sayar da magani da ya yi shekaru yana sauka duk kaka. Ya ce yanzu kowa sai ya zo a tsaye ya koma a tsaye.

A wannan dare na gane cewa tambayar maƙwabcina tana tsaye ne a kan wasu abubuwa da shi bai taɓa tunaninsu ba, don bai taɓa rasa su ba: titin da za ka bi ba ka lissafin juyawa, daren da za ka kwana a fili ba ka kasa kunne, da hukumar da za ta zo in ka kira. Idan waɗannan suna nan, zaɓin mai sauƙi ne. Mai iyali da ke son zama wuri ɗaya ya zazzaga kewaye, kuma aljihunsa bai da nauyi, tirela ta fi masa. Mai son kullum ya kwana a sabon wuri, ko wanda tsufa ya hana shi kokawa da ƙugiya da yin baya, mota mai ɗaki ta fi masa, kuma a kan irin titunanmu ma ita ce za ta fi jurewa. Idan kuwa babu su, to ana ta kai wa ke ta kaya?

Ni dai ga abin da na zaɓa wa kaina a wannan yanki: ƙaramar mota irin ta kowa, abokin tafiya ɗan gari, da mai masauki da ya san da zuwana. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a ƙasar da babu tabbas, mai masauki shi ne jaridarka, shi ne mai gadinka.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami shi ne ɗalibanmu. Muna da matasa da ke rubuta kundin digiri a kan noman Faskari ko tarihin Pauwa ta wayar tarho, ba su taɓa taka wurin ba, mu ma da ke duba aikin ba mu taka ba. Muna da 'ya'ya da aka haifa a Katsina da Zariya da Kaduna waɗanda ba su taɓa kwana a garin kakanninsu ba. Ƙasar da 'ya'yanta suka daina ziyarta, sannu a hankali takan fita daga lissafinsu, kuma wanda bai san wuri ba ba zai yi masa kuka ba ranar rabon kasafi. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoban 2023, wasu al'ummomin kuma sun ƙulla sulhu da 'yan bindiga a 2025, kowane mataki da masu yabonsa da masu sukarsa. Ni ma'aunina ɗaya ne, kuma a zauren Baba na samo shi: a ƙirga baƙin da ke kwana. Ranar da dillalin hatsi zai sauka a Sabuwa ya kwana uku ba wanda ya kira shi daga gida yana faɗa, ranar da malami zai kwashi ɗalibai a bas su yi sansani a gindin duwatsun Pauwa, ranar ce za mu ce lafiya ta samu.

Da asuba, bayan mun dawo daga masallaci, aka kawo kunun tsamiya da ƙosai. Baba ya raka ni har bakin mota, ya sa aka zuba mini masara a but, ya ce in dawo da yara su ga inda kakansu ya yi ƙuruciya. Na ce in Allah Ya yarda. Ya ce, “Ka zo da su, amma kada ka zo mini da ɗaki. Zaure na nan.”

Muka jira rana ta ɗaga, motoci suka fara motsi, sannan muka kama hanyar Ɗandume. Allah Ya dawo mana da dare, Ya dawo mana da baƙi.